Ruwan Jegon da Maigidana Ya Sa Aka Surka

Shekara talatin ke nan da rasuwar maigidana. Ba na faɗin sunansa, amma tsofaffin Tasawa sun san wanda ake kira Dokotoro.

Bayan samun 'yancin kai, lokacin da gujiya ke da daraja, ya dawo daga Dakar don binciken da zai kammala karatunsa na likita. Tambayarsa guda ce: me ya sa wasu masu jego ke kumbura, numfashi ya gagare su? Sai ya hau motar gujiya zuwa Kona ko Hawandawaki, ya zauna da ungozomai yana ta tambaya kamar mai neman aure. A hankali zarginsa ya tsaya kan tafasasshen ruwan wanka da kunun kanwa mai yawa.

Ciwon yana cikin gida. Yayarsa Hadiza haka ta rasu, kuma Inna, mahaifiyarsu, ita ta yi mata jego da hannunta. In ya faɗi abin da ya gano, ya ce wa uwarsa ke nan ita ta kashe 'yarta.

Sai na haihu. Inna ta dage da itace da ganye, don so take nuna mini. Ana nan ƙafafuna suka fara kumbura. Ya duba, ya tafi ya durƙusa gabanta.

"Inna, wagga ɗiyar lakwal ce, boko ta yi, jikinta bai ɗaukar abin da naku ya ɗauka. A surka mata ruwan, a bar kanwar."

Inna ta yi dariya, ta ce dama ta ga alamar ragwanci. Na ji haushi ƙwarai, don da sunan raguwa na ƙare jegona. Amma kumburin ya saɓe. Da na yi masa ƙorafi, cewa ya yi gara a yi mini dariya da a yi mini makoki.

Yau jikokinmu a gidan likita suke haihuwa, ana auna jininsu, malaman jinya na faɗa wa kakanni gaskiya gatsal. Na san zai yi murna da awon. Faɗar ce ban sani ba, don shi ya yarda cewa magana zarar bunu ce.

Littafin binciken nasa yana can Dakar, ban taɓa karanta shi ba. Abin da ya rage mini shi ne wata safiya, Inna ta tsufa, muna ɓarar gujiya. Maƙwabciya ta shigo neman kanwa don mai jego. Inna ta tsinko 'yar kaɗan ta ba ta, ta ce a surka ruwan. Da matar ta fita, ba ta dube ni ba ta ce, "Da an surka wa Hadiza."

Ban taɓa gaya masa ba. Ya rasu yana zaton ya rufa wa uwarsa wannan ciwon, na bar shi da zatonsa. Allah ya jiƙansu baki ɗaya.