Tsintau, Mai Taka Fili Babu Takalmi

Kafin kowa ya iso filin motsa jiki na unguwarmu, Tsintau ya riga ya iso. Mai shara ne na hukumar gari. Zai ajiye takalminsa a bakin ƙofa, ya ɗaura maganaɗisun tsohuwar lasifika a igiya, ya ja shi a baya, yana taka yashi a hankali daga wannan bango zuwa wancan. Haka kullum.

A da, filin nan tashar mota ce. Yaƙi ya rushe ta. Da aka samu lafiya, hukuma ta ce za ta yi wa jama'a wurin motsa jini. Katafila ta baje ɓaraguzai, aka zuba yashi a kai, aka kafa ƙarafan lilo, aka shafa fenti. Ba a kwashe abin da ke ƙasa ba. Rufa-rufa aka yi. Duk ruwan da ya sauka sai ƙasa ta amayo ƙusa, kwanson harsashi da fasasshiyar kwalba.

Ranar da na fara ganinsa na ce, "Kai ƙanena, haukan ne ya motsa? Ina takalminka?"

Ya ce, "Yaya, ƙarfe na bin maganaɗisu. Kwalba ba ta bin kowa. Tsintsiya kuma ba ta jin zafi, balle ta faɗa mini inda take."

Matarsa ta sha kawo masa ruwan zafi da tsumma. Na ji tana cewa, "Malam, ƙafar nan hukuma ce ta ba ka aro?" Ya ce, "In kwalba ba ta shiga tawa ba, ta wa za ta shiga?"

Tsintau, kai ne bangon da ba a yi wa fenti ba. Kai ne ka sa matan da yaƙi ya cinye wa maza suka samu inda za su miƙe ƙafa su manta na ɗan lokaci. Kai ne ka sa ni, da likita ya ce in yi tafiya ko in kwanta, nake tafiya. Allon bakin ƙofa cike yake da sunayen manya. Naka babu.

Yanzu ya yi ritaya. Akwai miki a dugadugansa da ya ƙi warkewa. Babu wanda ya je duba shi daga ofis. Ba a kuma sa kowa a madadinsa ba. Satin da ya wuce kwalba ta tsaga ƙafar wata mai ɗinki. Maganin da hukuma ta samo shi ne kwaɗo: in aka sake samun rauni, za ta kulle filin.

Na kai masa labari. Ya ce, "Yaya, miƙo mini sandata." Matarsa ta tare ƙofa. Ni ma na tare.

Tsintau, mun gode. Allah ya ba ka lafiya, ya biya ka abin da mutane suka ƙi biya. Zauna. Ka yi naka.

Ku kuma masu zuwa gudu da farin takalmi, ban ce ku cire shi ba. Ku zo da shebur da rariya ranar Asabar, mu tone yashin nan mu tace shi. Ni da tsufana zan je. Wanda bai zo ba, kada ya gaishe ni a hanya.