Radiyon da Baba Ya Kai Damagaram

A ƙauyenmu na Damargu, jini a fitsari ba ya tayar wa kowa hankali. Tsargiya ce, duk wanda ya yi wanka a tabki ya san ta. Shi ya sa da Baba ya fara gani, da furfurarsa da komai, shekara guda muka yi muna jiƙa masa saiwoyi. Har yau in na tuna shekarar nan raina ɓaci yake yi.

Da ya kai ba ya iya tura hauya, sai na baro ɗakin mijina na raka shi Tanout. Malamin asibiti ya ce, "Baba, wannan ta wuce tsargiya. Ku tafi Damagaram, sai da radiyo."

Baba bai yi musu ba. Muka koma gida ya naɗe radiyonsa a tsohon rawani, ya rungume shi a bayan babbar mota har Damagaram. Kada in ɗora masa laifin shi kaɗai, ni ce ma na goge shi.

A gaban likita ya kwance rawanin, ya ajiye a tebur. Likita ya yi dariya har da cire tabarau. Na hasala, na ce, "Ranka ya daɗe, mutum na mutuwa kana dariya?" Ya ba mu haƙuri, ya ce a bakinsu radiyo hoton cikin jiki ne.

Aka yi wa Baba allura a jijiya, aka ɗauki hoton. Likita ya ɗaga shi a taga. Ga ƙoda biyu, ga zare biyu farare sun sauko zuwa mafitsara. Ita ma fara ce, sai dai gefe guda da giɓi, kamar ƙwaryar da ɓera ya gatsa.

Ya ce, "Nan tsiron yake, ciwon daji ne. Amma bai toshe hanya ba, ƙoda lafiya lau. Muna fatan zai yanku."

Baba ya ce, "Zan yi shuka bana?"

"Bana ƴaƴanka su yi. Baɗi kai, in Allah ya yarda."

Aka yi masa aiki, ya yanku kuwa. Da shekara ta zagayo, da kaina na bi bayansa ina zuba iri, ina kuka ina ɓoyewa.

Bayan nan wani maƙwabcinmu ya zo neman saiwoyin da muka rage. Baba ya hana shi, ya ce, "Gobe ka kama hanyar Damagaram. Naka radiyon ka bar shi gida, suna da nasu."