Akwatin Sifikar Baba Tela

Duk wanda ya tashi a layin nan ya san Baba Tela da abu biyu: ɗinkin da ba ya karkacewa, da jitar da yake kaɗawa in rana ta yi sanyi. Da ya rufe keken ɗinki sai ya kakkaɓe zare daga cinyarsa, ya jawo wata 'yar amfilifaya, na'urar ƙara sauti, daga ƙarƙashin benci, ya jona jita. Amfilifayar nan ba ta wuce kwalin takalmi ba, sifikar cikinta kuwa kamar tafin hannu. Tun yana saurayi take wurinsa. Fatar jikinta duk ta saɓule, abin murɗa murya ma ya faɗi, ya liƙa maɓallin kwat a gurbinsa.

Shagon a gaban gida yake, ƙofa ɗaya ta raba shi da tsakar gida, kicin kuma yana can ƙurya. Inna, matarsa, ba ta taɓa yabon kiɗan nan ba. In an tambaye ta, cewa take ita dai hayaniya ta aura. Amma fa bari yatsansa ya zame ya taɓa tsirkiyar da ba ita ba, nan take za ka ji ƙwas, ta buga ludayi a bakin tukunya. Shi kuma ya yi murmushi ya sake ɗauko wajen daga farko. Haka suka yi ta yi tun 'ya'yansu na goye har suka yi aure suka watse.

Sai ƙwanƙwasar ta ɗauke. Da farko Baba Tela ya ɗauka hannunsa ne ya ƙware da tsufa, har ya ɗan ji kansa. Wata rana ya yi kuskure da gangan, irin wanda ko akuya ta ji sai ta ɗaga kai. Shiru. Ya leƙa, ga Inna tana juya miya, hankalinta kwance. Sannan ya tuna yadda ta koma kallon bakin mutum in yana magana, da yadda take cewa mutanen yanzu duk ciki-ciki suke zance. Ya jingine jitar da bango, ya daɗe zaune.

Washegari ya rungumi amfilifayar ya nufi shagon ƙanin Inna, mai gyaran rediyo, wanda ake kira Fiyus saboda saurin ɗaukar zafi. Tsakaninsu ba a gaisawa sai da tsiya. Fiyus ya ce ai ya ɗauka tuni an binne wannan gwangwanin. Amma da ya ji abin da ya kawo mijin yayarsa, sai ya ajiye ƙarfen dalma ya gyara zama. Ya ce kunnen tsufa siririn sauti yake fara zubarwa, mai kauri shi ke saura, ita kuwa wannan 'yar sifikar ba ta da komai sai siririn. A sayi babbar amfilifaya kawai. Baba Tela ya ce atafau, da wannan muryar Inna ta san shi.

To, sai dai a ƙara wa amfilifayar akwatin sifika, in ji Fiyus. Fiyus ya tono wata babbar sifika daga cikin tarkacensa, faɗinta kamar faranti, ya auna ta ya tabbatar 'yar amfilifayar za ta iya jan su biyu ba ta ƙone ba. Ya huda bayan amfilifayar ya sa wurin jonawa. Akwatin kuwa Baba Tela ya ce a bar masa. Ya sauko da tsohon teburin yankan da maigidan da ya koya masa ɗinki ya bar masa, katakon duk sawun almakashi da alli, ya auna shi da tef ɗin awon riga, ya yanka, ya haɗa. Fuskar ya rufe da yadi mara nauyi, ya ja shi tsaf ba ko tattara ɗaya. Fiyus ya zo ya ɗaura sifikar, ya saƙala wayoyi biyu, ja da baƙa, ya ce a rufe bayan, shi yana da aiki.

Nan fa aka samu matsala. Baba Tela ya ɗauko murfin zai rufe, sai idonsa ya faɗa kan wayoyin, jar ta haye kan baƙar. Mutumin da ke farke riga ɗungurungum saboda layi ɗaya ya goce, ina zai iya rufe ido a kan wannan? Ya zare su, ya musanya musu wuri, suka kwanta ɗoɗar kamar ɗinkin bakin wando. Ya ɗaure murfin yana cewa a ransa yaran nan ba su san tsabtar aiki ba, ko da yake Fiyus ɗin ma furfura ta cinye kansa.

Da yamma ya jona. Ƙara dai ta ƙaru, har mai shagon kusa ya leƙo. Amma tsirkiya mai kauri sai ta fito fayau, kamar an kwashe mata ciki. Ya kaɗa, ya yi kuskurensa, ya kasa kunne. Babu ludayi. Ya sake gwadawa gobe da jibi, duk ɗaya. Daga nan ya lulluɓe akwatin da ƙyalle ya ɗora masa dutsen guga, ya ce wa kansa ya makara.

Fiyus ne ya biyo jin labari, ya tarar da aikinsa ya zama teburi. Ya sa aka kaɗa masa sau ɗaya, ya ɓata fuska, ya kwance murfin. Ya ciro ƙaramin batir daga aljihu, ya taɓa wayoyin akwatin da shi, takardar babbar sifikar ta shige ciki. Ya taɓa na ƙaramar haka nan, ita kuma ta turo waje.

"Yaya, wa ya taɓa mini waya?"

"Gyara su na yi. A karkace ka bar su."

"To ka gyara. Wannan na turawa, waccan na ja, kaurin duk ya mutu a tsakaninsu. Kai da Inna ke nan sak."

Ya mayar da jar kan baƙar, wannan karon har da dalma, wai don kada wani tela ya sake yi musu kwalliya.

Baba Tela ya juya akwatin ya fuskanci ƙofar tsakar gida. Ya ɗauko tsohon kiɗan nan da yake yi tun Inna tana kawo masa ɗinki daga gidansu. Da ya taɓa tsirkiya mai kauri, sai da almakashi ya yi rawa a kan benci. Ya kai tsakiya, ya zame yatsa da gangan, ya kasa kunne.

Ƙwas.

Can daga kicin muryar Inna ta taso, da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa sosai: "Malam, shekara nawa kana wannan kiɗan, har yau ba ka iya shi ba?"

Fiyus ya kau da kai yana ta laluben batir ɗin da ke hannunsa. Baba Tela ya sake ɗauko wajen daga farko. Murfin akwatin nan bai ƙara buɗe shi ba, don ya san abin da zai gani a ciki. 'Yan layi dai sun lura tun daga ranar kuskurensa ya yawaita, kusan kowace yamma sai ya zame a wuri biyu ko uku.