Ban Ruwan Ranar Lahadi

Tun yana raye ban taɓa kama sunansa ba, amma yau zan kama: Tanko maso, wato magini, ɗan Safo, mijina. Duk Madarumfa an san shi da ƙafafu furu-furu da siminti, da kuma rashin magana. Bakin da Allah ya hana shi ni ya ba, kuma har yau raina bai huce ba.

A Maraɗi ya koyi aikin, farkon samun mulkin kai, a gidan wani Bature mai sayen gyaɗa da ya ce yana son tafki a bayan gidansa don ya riƙa iyo. Tanko ya shiga aikin yana mai haƙa, ya fito riƙe da cokalin gini. Ya dawo yana ba ni labari yana dariya: wai mutum ya haƙa rami, ya cika shi da ruwan da zai shayar da unguwa, ba sha, ba wanki, sai facal-facal kamar agwagwa.

Tare muka fara bin Almasihu. Ni an yi mini baftisma da wuri, a tafkin Madarumfa, domin kaina na kama karatu. Shi kuwa da zarar an zaunar da shi gaban dattawan ikilisiya sai harshensa ya ɗaure, ayar da ya yini yana maimaitawa ta gudu. A ce sai baɗi. Ya dawo, a sake cewa baɗi. Ba abin da bawan Allahn nan yake so a duniya kamar a nutsar da shi cikin ruwan. Har suna ya zaɓa, Kalebu, yana gwada shi a baki in yana tsammanin ba na ji.

A bazarar da ta biyo babban fari ya ci tambayoyin dattawan. Sai ga tafki ya ja baya, bakinsa ya zama taɓo har gwiwa. Faston da ke yin baftisma daga Maraɗi yake zuwa, sau ɗaya a shekara, ga shi tsoho, ba ya shiga taɓo. Dattawa suka ce a gina rami na siminti bayan gidan mai bishara. A ranar ce suka tuna cewa Tanko ma mutum ne.

Ya kafa turaku, ya ja igiya, ya haƙa har ramin ya kai masa ƙirji. Ya daɓe ƙasan, ya zuba tsakuwa, ya saƙa ƙarfe a kai, ya kwarara siminti. Ya ta da bango huɗu, ya yi matakala masu faɗi saboda gwiwar fasto. Ana yunwa, kowa cikinsa ya manne, shi kuwa yana aiki yana waƙar majami'a da muryarsa mai korar kaji. Simintin shafe ya makara, kamyo, motar da ta ɗauko shi, bai iso ba sai Juma'a, don haka ran Asabar da yamma ya gama shafe.

Sabon shafe kuwa a zafin bazara ƙishi gare shi. In ba a yayyafa masa ruwa safe da yamma ba, ya tsattsage, ruwa ba zai zauna ba. Lahadi da sassafe Tanko ya ɗaura wa jaki amalanke, ya ɗebo ruwa tano guda, wato ganga, daga ragowar tafki, ya shiga ramin da ƙwarya yana yayyafi. Ishaya, babban dattijon ikilisiya, ya leƙo da rigarsa ta sujada.

"Tanko, mi kake yi nan? Ba ka san yau Lahadi ta ba?"

"Na sani, Baba. Ruwa nike ba shi. In na bar shi, hwashewa zai yi."

"To, ya hwashe mana. Dokar Allah ta hi siminti."

Tanko ya ci gaba da yayyafinsa. Da yamma ya sake ɗebo tano.

Da za a yi shari'arsa na tsaya a bakin ƙofa, tunda mata ba sa shiga. Na ji ana jera laifi: ya yi aiki, ya sa jaki aiki, an tsawata ya ƙi ji. Na ɗaga murya na tambaye su ko su ba sa shayar da awakinsu ran Lahadi. Aka ce, "Saloma, tahi gida." Suka ba shi horo, baftisma sai wata shekara. Ramin kuwa ba wanda ya ce haramun ne. Cikin mutanen nan ba wanda ya taɓa ɗaga ko buhun siminti ɗaya, amma kowa ya san yadda za a hukunta wanda ya ɗaga.

Ranar baftisma mutane suka taru. Ruwan da ke cikin ramin Tanko ne ya jido shi. Aka yi ta sauka matakalarsa ana fitowa ana waƙa, har da 'ya'yan Ishaya. Shi yana bayan darni, riƙe da igiyar jaki. Na ce masa mu tafi, mu bar musu majami'arsu. Ya ce, "A'a, baɗi ba nisa." Wannan haƙurin nasa ya fi hukuncinsu ƙona mini rai.

Da rani sanƙarau ya shigo gari. Wuyansa ya sanƙare, ya daina gane ni, ya cika kafin fasto ya sake zagayowa.

Ishaya ya zo gaisuwa tun ba a ɗauki gawa ba. Ya zauna kan tabarmata, ya sunkuyar da kai.

"Ki yi haƙuri, Saloma. Allah ya sani, bana shi muka sa gaba."

Na nuna masa ƙofar ɗaki, na faɗa yadda duk tsakar gida za su ji: "Ga shi can kwance, Baba. Ku ɗauka ku nutsa shi. Yau ba Lahadi ba ta."

A kan wannan magana ni ma suka ba ni horo, suka ce zai ƙare ranar da na nemi gafara. Har Ishaya ya mutu ban nema ba.