Ranar da Baba Ya Ce In Faɗi Sunansa

Wata Talata cikin ranin 1986, Malam Sabo ya fito da mu 'yan aji shida, ya jera mu a bakin kanal ɗin da ya ratsa ta bayan makarantarmu ta firamare, shi kuma ya tsallaka ya tsaya a wancan ƙetaren. Ruwa na gudu, inji na ƙara a gonar albasa, wai a haka kowa zai yi masa Turanci har ya ji. Mun riga mun ci jarrabawar rubutu ta shiga sakandare, saura intabiyu, inda manyan malamai za su zo daga birni su yi wa yaro tambayoyi baki da baki. Bara a intabiyun nan 'yan matan ƙauyenmu suka zube, ba don ba su iya ba, sai don sun durƙusa sun sunkuyar da kai suna magana ciki-ciki kamar masu zazzaɓi. Da layi ya zo kaina na buɗe murya, don ni da ma mai korar tsuntsaye ce a gonar alkama, ihu ba baƙona ba ne. Malam ya gyaɗa kai. Sai kawai, a gaban manoma da masu wanki, ya tambaye ni sunan mahaifina.

Innalillahi! Na ɗauka kunnena ne bai ji daidai ba. Sunan Baba? Da bakina? A gidanmu ko Inna ba ta taɓa kama sunan nan ba, sai dai ta ce Malam. Idan wani yaro a unguwa ya ci sunan, mu a wurinmu ya zama "mai sunan Baba" har abada. A makaranta ma da sunan ƙauyenmu ake kirana, kamar yawancin yara. Shi kansa Baban bai taɓa kiran sunana na yanka ba, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Hauwa'u, don haka Uwani yake ce mini. Na tsaya a bakin ruwan nan, yara na dariya, Malam na maimaita tambaya, ni kuwa na kafe kamar turmi.

Haka muka yi ta fama. Kullum bayan an tashi, Malam zai zauna a kujera ƙarƙashin darbejiya ya zama baƙon malami, mu riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya. "Miƙe tsaye! Kalli idona!" Abin da yake faɗa ke nan har muka haddace. Tsofaffin da ke wucewa da kwandunan tumatir sukan tsaya su riƙe baki, wai ga malami yana koya wa 'ya'yan mutane tsaurin ido da rana tsaka. Sannu a hankali sauran yaran suka saki jiki, har da Jummai ƙawata da ko gaisuwa ba ta iya ɗaga kai. Ni kuma na iya komai: abin da muke nomawa, launin tuta, yadda ake dasa shinkafa, duk ina zuba su da Turanci. Amma da an zo kan tambayar nan sai harshena ya yi nauyi. Ina surfe ina gwadawa a zuciya, ina carafke ina gwadawa, ya ƙi fita. Ranar da Malam ya gaji ya ce mini ƙiri-ƙiri, ita ce tambaya ta biyu da ake yi wa kowa, wadda ta yi shiru an wuce ta. Na koma gida ina kuka, don wallahi ina son makarantar nan kamar raina.

Ana saura kwanaki kaɗan na kai wa Baba fura gona, sai na hango keken Malam jingine da kunyar gona. Na ƙarasa na tarar da shi tare da Baba. Na durƙusa na ajiye ƙwarya, Malam ya yi sallama ya tafi, Baba ya sallami masu tsinkar tumatir su je su huta. Ya kife kwando ya zauna a kai, ƙafafunsa duk taɓo. Ya ce, "Uwani, tashi tsaye." Na ƙi. Ya sake faɗa, na miƙe da ƙyar. Ya ce in dube shi. Ban taɓa kallon ƙwayar idon Baba ba sai ranar. Ashe akwai wani ɗan tabo a girarsa ta hagu, ashe idanunsa irin nawa ne. Ya ce in faɗi sunansa yadda malamin ya koya mini. Hawaye kawai nake yi. Ya murza hularsa, sannan ya ce, "Hauwa'u." Muryarsa ta karye a tsakiyar sunan. "Kin ji na kama sunan wadda ta haife ni saboda ke. Ke ma kama nawa, na yafe miki."

Na faɗa. Da Turanci na faɗa, a tsaye, ina kallonsa. Ya ce bai ji ba, in ƙara murya. Na ƙara har wani mai ban-ruwa a gonar maƙwabta ya saki fartanya ya juyo. Nan take na sunkuyar da kai, na kwasa a guje ko ƙwaryar ban ɗauka ba. Da labari ya kai wa Inna, tafa hannu ta yi tana salati, ta yini ba ta yi wa kowa magana ba.

Ranar intabiyu a Bunkure, wani malami mai gilashi ya yi tambayar, na amsa masa da ƙarfin da ya sa ya ɗan ja kujerarsa baya. Aka ɗauke ni. Ni ce mace ta farko daga gidanmu da ta tafi makarantar kwana.

Yau ni ke shirya ɗalibai wa jarrabawar magana da Turanci. Ina tambayarsu sunan mahaifi, su faɗa garau suna kallon cikin idona, wasu har da murmushi, ba su ma san akwai wani nauyi a ciki ba. Ban ce sun yi laifi ba, zamaninsu ne. Amma Baba har ya koma ga Allah bai sake kirana da sunan nan ba, ni ma ban sake ɗaga ido na dube shi ba. Da na san kallon ke nan, da ban yi saurin sunkuyar da kai ba.