Baba Kumfa Ya Ajiye Sosonsa

Kullum da safe, kafin ya taɓa injin ɗura gas, Baba sai ya kaɗa ruwan sabulu a wani tsohon kwano ya jiƙa soso. Duk tukunyar gas da ya cika, zai shafa mata kumfa a baki, ya durƙusa ya zuba ido. In kumfar ta kwanta, ɗauki kayanka. In ta fara ɓulɓulowa, iskar na yoyo ke nan, kuma ko za ka yi birgima a ƙasa tukunyar ba za ta bar shagon ba. A nan ya samo sunan Baba Kumfa, kuma ba don yabo aka laƙaba masa ba. Masu sauri sun sha yi masa tsaki.

Yayata ta taɓa zuwa a gurguje, baƙi na jiranta, ya riƙe tukunyarta.

"Baba, girki fa na bari," in ji ta.

"Yi haƙuri 'yata, ɗauki tawa. Wannan ba za ta shiga gidan da yaranki suke ba."

A ranar, da gawayi aka yi girki a gidansa. Maƙwabtansa ne suka faɗa mana.

Watan jiya ya duba wata tukunya ya ce ta yi. Babbar 'yarsa, wadda ke kama masa aiki, ta ce a hankali, "Baba, sake dubawa." Ya durƙusa ya daɗe yana kallo. Kumfar na tashi, shi kuwa bai gani ba sai da ta nuna masa. Ba wanda ya lura sai su biyu, kuma sana'ar nan ita ce rayuwarsa. Duk da haka ya miƙa mata soson a gaban jama'a ya ce, "Idona ya gaza. Ba zan sallami wuta zuwa gidan mutane da kintace ba." Da na ji labarin, sai da na yi ƙwalla.

Baba, kai ne mai kashe gobara tun ba ta tashi ba, shi ya sa ba a san yawan waɗanda ka tsirar ba. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Duk mai riƙe da fetur, gas ko wayar lantarki, ya koyi durƙuson nan naka.

Yanzu yana zaune a benci bakin shagon. Duk sanda 'yar ta durƙusa sai ya tambaya, "Ta kwanta?" Tukunya ba ta fita sai ta amsa masa.