Gyaɗar Orville Tackett

Orville Tackett ne direban tirelarmu. Shi ke ɗaukar motar tseren ƙungiyar Vandiver daga garejinmu na Brownsburg ya kai ta duk filin da gasar ƙasa ta sauka, tun farkon bazara har sanyi ya kunno kai. Ni tayar baya ta hagu nake canzawa ranar tsere. Gidansa na kallon na mahaifiyata, shi ya sa na ji da yawa daga bakinsa.

A gona ya tashi, can kudancin Indiana. Yana saurayi ya so ya zama ɗan tsere, sai dai motar nan mai kujera ɗaya, mai tayoyi a waje, ba ta ɗaukar mai kafaɗa irin tasa. Ya taɓa cusa kansa cikin wata, sai da aka zo aka zaro shi ta hammata. Daga nan ya haƙura ya koma tirela. Shi da matarsa Jolene ba su samu haihuwa ba, kuma ita da kanta takan ce mabuɗin tirelar nan shi ne ɗansa. A aljihun rigarsa yake ajiye shi, ko coci za shi.

Duk wanda ya tashi a harkarmu ya san ba a kusantar motar tsere da gyaɗa mai ɓawo. Ka shafa niƙaƙƙiyarta a burodi, babu mai kallonka. Ɓawon ne matsala. Tsofaffi na cewa an taɓa samun sa a motar da ta yi mummunan haɗari, ko da yake kowa da filin da yake ambata. Maigidanmu Russ Vandiver ya gaji wannan camfi daga mahaifinsa, kuma bai rage komai a ciki ba.

A kakar da nake magana mun fara da kyau. Sai a Ohio mota ta mutu ana tsakiyar tsere. Da aka turo ta aka buɗe, aka ga waya ta tsinke, a gefenta kuma ga ɓawon gyaɗa. Russ bai taɓa shi da hannu ba, da filaya ya ɗaga shi.

"Na wane ne wannan?" ya tambaya.

Idanu suka karkata wajen Marisol Quintero. Ita ce sabuwar mai haɗa mana wayoyi, kuma daga ƙungiyar Dressler ta zo, waɗanda ba ma ko gaisawa da su.

"Ku daina kallona haka," in ji ta. "Ni ko ƙamshinta ba na so."

"Can wurin su Dressler fa?" in ji Colby, direban motar. "Na ji a buhu suke sayenta."

"Je ka tambaye su, ai kullum bayansu kake gani."

Wasu suka yi dariya. Russ bai yi ba.

Daga ranar gareji ya canza. Aka saka kwaɗo a akwatunan kayan aiki. In Marisol ta sunkuya kan mota, sai ka ga wani ya tsaya a bayanta yana goge spanar da ba ta da datti. Colby ya ce ba zai ƙara zama a motar ba sai an ɗaga kujera ya leƙa. Ni ma, da na buɗe abincin rana, Russ ya zo ya tsaya a kaina har na ɗaga burodin ya ga naman alade ne da cuku.

Orville kuwa ya yi shiru fiye da yadda muka saba. Abin da ba mu sani ba shi ne, tun sanyin da ya wuce likita ya raba shi da sigari, Jolene kuma ta tsaya a kan maganar. Hanya doguwa ce, hannu da baki sun saba da aiki, sai ya koma ɓare gyaɗa. Ya sayi buhu guda ya ɓoye a wata ma'ajiya cikin tirela, inda yake zuba sarƙoƙi, wadda shi kaɗai ke buɗewa. Yakan ɗebi ta aljihu in za a tashi, ɓawon kuma ya tara a gwangwani ya zubar tun kafin ya shiga fili. Ya tabbatar wa kansa bai taɓa yar da ko ɗaya kusa da mota ba. Don haka shi ma zargi ya shiga. Ya ɗauka wani ya gano shi, yana kwasar ɓawon yana sakawa a motar don a raba shi da mabuɗi. Kuma Marisol yake zargi, kamar kowa.

A Iowa abin ya maimaita kansa. Colby na cikin na gaba-gaba mota ta yi tari ta tsaya. Waya a tsinke, ɓawo a gefe. Russ ya ce wa Marisol in mun koma gida ta tattara kayanta.

Washegari da hantsi muna sauke kaya a Brownsburg, Orville ya buɗe ma'ajiyarsa ya ja buhun, sai gindin ya zube. An rarake shi. A lungu ga kashin ɓera, ga sheƙa da aka yi da tsumma da ɓawo da 'yan guntayen robar waya, ja da rawaya, irin namu. Daga ma'ajiyar zuwa inda ake ɗaure mota bai fi taku kaɗan ba.

Ya gaya mini daga baya cewa ya daɗe a tsugune. Kwandon shara na nan a bakin ƙofa, da zai iya zubarwa ba wanda ya gan shi. Ta tagar gareji yana hango Marisol tana naɗe kayan aikinta cikin tsumma ɗaya bayan ɗaya.

Sai ga shi ya shigo gareji da shebur a hannu, sheƙar da gyaɗar a kai. Mutane suka ja da baya kamar wuta ya ɗauko. Ya ajiye a gaban Russ.

"Maigida, ga mai tsinka maka waya. Gyaɗar kuma tawa ce."

Russ ya dubi shebur, ya dubi Orville. "Kai, tsoho? Kai da ka ga mahaifina ya kori baƙo daga nan saboda ita?"

"Ni ne ma na raka baƙon har ƙofa."

"Ka ji na sallami yarinyar nan jiya, ka yi shiru."

"Na ɗauka ita ce ke neman ganin bayana." Ya juya wajenta. "'Yar nan, na zarge ki, kuma ban da hujja."

"Ai ba kai kaɗai ba ne, Baba," in ji Marisol. Ba ta daina naɗe kayanta ba.

Russ ya miƙa hannu. Orville ya ciro mabuɗin daga aljihu ya sa masa a tafi. Russ ya juya shi ya sake juyawa, sannan ya ajiye shi a kan akwatin Marisol.

"Ke aka ɓata wa suna. In kin zauna, ke za ki faɗi wanda zai ja tirela."

Ta daɗe tana kallon mabuɗin. "Wa kuma ya iya ja da ita baya ta shiga lungun garejin nan?" in ji ta. "Shi zai ja. Amma a wurina mabuɗin zai riƙa kwana."

Haka muka ƙarasa kakar, a tsakiyar jerin ƙungiyoyin gasar. Aka cika tirela da tarkon ɓera. Duk ranar tafiya Orville zai je ya tsaya gaban Marisol ya zazzage aljihunansa, ta leƙa har cikin hularsa kafin ta ba shi mabuɗi. Tsinken sakace yake taunawa yanzu, yakan cinye kwali kafin mu kai Wisconsin. Har yau in mota ta yi tari a fili, kafin a dubi injin sai an dubi Orville, shi kuma ya ɗaga hannuwansa biyu a ga babu komai.